'Yancin Neman Ilimi: Darasi Daga Rayuwar Hajiya Gambo Sawaba

A wannan mako za mu yi nazari kan wani haƙƙi da muke mora kullum ba tare da mun lura ba, wato haƙƙin zuwa makaranta. Ba sai mun je nesa neman misali ba, domin a nan Sabon Garin Zariya muke da shi.

An haifi Hajiya Gambo Sawaba a 1933. Ta fara firamare a Tudun Wada, amma da mahaifinta ya rasu a 1943 sai karatun ya tsaya. Tana da shekara 13, wato sa'ar da yawa daga cikinmu, aka yi mata aure. Bayan an kafa jam'iyyar NEPU a 1950 ta shiga, har ta zama shugabar mata ta reshen Sabon Gari. Ta riƙa kira da a bar 'ya'ya mata su yi karatu, a daina aurar da su da ƙuruciya, a kuma ba mata damar jefa ƙuri'a. Saboda haka aka ɗaure ta har sau 16, amma ba ta ja da baya ba. Matan Arewa ba su jefa ƙuri'a a babban zaɓen ƙasa ba sai a 1979. Ta rasu a 2001, kuma babban asibitin Ƙofar Gayan yana ɗauke da sunanta.

Abin da ita ta rasa, yau doka ta ba mu. A 1948 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da sanarwar haƙƙin ɗan Adam, sashe na 26 ya sa ilimi cikin haƙƙin kowa. A Nijeriya kuma dokar UBE ta 2004 ta ce kowane yaro zai yi shekara 9 a makaranta kyauta kuma dole: 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare.

To amma mu dubi unguwarmu. Idan muka taho da safe ta Muciya, muna haɗuwa da sa'o'inmu ɗauke da tiren gyaɗa ko fiya wata, sun nufi kasuwar Sabon Gari. Wasunsu tare muka yi firamare. Wani rashin kuɗin yunifom da littattafai ne ya zaunar da shi, wata kuma talla ce ba ta barin ta. Dokar tana nan, amma ba ta iso gare su ba.

Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Wanda bai iya karatu ba sai an karanta masa takardar asibiti. Ana iya sa shi ya dangwala yatsa a takardar filin da bai san abin da ke ciki ba. Wanda bai san haƙƙinsa ba kuwa, ko an tauye shi ba zai gane ba.

Ga shawararmu. Duk wanda ɗan ajinsu ya yi mako guda bai zo ba, ya sanar da malamin aji da wuri. Littattafan da muka gama da su mu miƙa wa ƙannenmu, kada su ƙare a wajen mai ƙosai. Malamai kuma muna roƙonku ku tayar da wannan magana a taron iyaye.

Tambayar mako: wa ka sani da ya daina zuwa makaranta, kuma me za ka yi a kai?

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.