Likita Dalziel da Itatuwan Ƙasarmu

Likita J. M. Dalziel ya kama aikin asibiti a Nijeriya ta Arewa cikin 1905. Bayan aikin magani, ya kan tara ganyaye da furanni, yana rubuta sunan kowane tsiro da amfaninsa. A 1916 ya buga littafin sunayen itatuwa da Hausa. Ya rasu a 1948, amma har yau masana na kiran hano da sunansa, watau Boswellia dalzielii.

To, mutanen Gagarawa da kewaye, ga abin lura. Gawo na ƙara wa gona ƙarfi, ɗakwara na ba da ƙaro, aduwa na jure fari. Kada a sare su barkatai, gama su ke tare iska da rairayi. A koya wa yara sunayensu tun dattawan da suka san su suna raye.