Ilimin Muhalli da Danginsa: Darasi daga Kogin Kubanni

Ilimin muhalli, wanda Bajamushen nan Ernst Haeckel ya raɗa wa suna a 1866, shi ne nazarin dangantakar da ke tsakanin mai rai da mazauninsa. Reshe ne na ilimin halittu, amma ba ya tsayuwa sai ya jingina da sauran rassan.

Mu ɗauki misalin tsargiya a ruwa irin na Kubanni, kogin da ya bi ta gefen Tudun Wadan Zariya ya faɗa Galma. Mai cutar yakan yi fitsari a ruwa, ƙwayayen tsutsa su ƙyanƙyashe, su shiga jikin wani ɗan dodon-koɗi su hayayyafa, sa'an nan su fito su huda fatar yaro mai wanka. Masanin dabbobi ne zai tantance irin dodon-koɗin, masanin tsirrai ya faɗi ciyayin da yake maƙale wa, likita kuwa ya bayyana ɓarnar da cutar ke yi wa mafitsara. Masanin muhalli shi ke haɗa bayanan nan, ya nuna wuri da lokacin da ake kamuwa.

Saboda haka, magani kaɗai ba ya kawar da tsargiya. Muddin ba a tsare ruwan daga ƙazanta ba, wanda ya warke zai koma ya sake ɗauka.