Kafin Yaro Ya Shiga Aji Ɗaya: Shawarwari ga Iyaye a Ƙasar Daura

Tun da dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa renon ƙananan yara cikin ilimin tushe, rabin aji ya zama abin da aka saba da shi a makarantun firamare na gwamnati, ga kuma nazare na masu zaman kansu. A cikin garin Daura, da Sandamu, da Zango, da Baure, da Mai'aduwa, za ka ga 'yan shekara huɗu da biyar sun rataya jaka da safe, da rana su dawo suna rera ABCD har ƙarshe. Iyaye su yi ta murna. Amma ka rubuta harafi ɗaya daga tsakiya ka ce yaro ya faɗa maka shi, sai ya yi tsuru-tsuru, ko ya koma farkon waƙar yana lalube. Wannan yaron hadda ya yi, bai fara karatu ba tukuna. Malama ɗaya a gaban aji cike da yara ba za ta iya zama da kowa ɗaya bayan ɗaya ba, don haka wani ɓangare na aikin a tsakar gida yake.

1. Ku cika kunnen yaro da magana

Yaro ba ya gane kalma a takarda in bai taɓa jin ta a baki ba. Tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi bayan sallar isha'i, da kacici-kacici, da hirar kaka, duk shirin karatu ne. Mu a Daura ma labari a ƙofar gida yake. A ba yaro labarin Bayajida da Daurama da macijin rijiyar Kusugu, in da hali a kai shi ya leƙa rijiyar da idonsa. Washegari kuma a juya, a ce shi ya ba da labarin. Me ya fara faruwa? Daga nan sai me? Don me mutanen gari ba sa samun ruwa kullum? Yaron da ya iya jera labari daga farko zuwa ƙarshe, in ya fara karanta shafi zai riƙe zaren abin da yake karantawa.

2. Sauti ya riga harafi

Wannan wasa ne da ba ya buƙatar fensir. Uwa tana tankaɗe ta ce, "Kawo mini abin da ya fara kamar gero." Yaro ya ce goro, ya ce gyaɗa, ya ce gida. In ya ce kaza, a yi dariya tare a sake gwadawa. Sai kuma tafa gaɓoɓi: A-mi-na tafi uku, Mu-sa tafi biyu, ra-ƙu-mi uku. A bi sunayen mutanen gida kaf, har da na akuya in tana da suna. Kunne ne ke koyon rarrabe kalma gunduwa-gunduwa, kuma da wannan rarrabewar ake haɗa baƙi da wasali daga baya.

3. A fara da Hausa

A nan ne nake yawan samun saɓani da iyaye. Da yawa suna ganin in yaro bai fara da Turanci ba an cuce shi, kuɗin makaranta ya tafi a banza. Ni ban ga haka ba.

Rubutun boko na Hausa yana bin yadda ake furuci. Wasula biyar ne, a, e, i, o, u, kuma baƙi ya haɗu da wasali ya ba da gaɓa: ba, be, bi, bo, bu. Yaron da ya kama wannan, cikin ɗan lokaci zai haɗa ba da ba ya karanta "baba", ya haɗa do da ki ya ga "doki" ya fito. Ku dubi fuskarsa a wannan lokacin, domin ya gane abin da ya karanta, dokin nan ya gan shi a hawan Sallar Gani. Turanci kuwa harafi ɗaya yana iya ɗaukar sauti biyu ko uku, ga shi kalmomin ba nasa ba ne. Sai a haɗa masa wahala biyu lokaci guda, koyon haruffa da koyon sabon harshe, a ce masa harafin farko, wato a, na tuffa ne a Turanci, alhali akuya da agwagwa suna yawo a gabansa.

Wannan ba sabon abu ba ne. Iyayenmu da yayyenmu da jerin littattafan nan na Zariya suka taso, Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu da Ka Yi Ta Karatu, kafin su kai ga Magana Jari Ce na Abubakar Imam. A shekarun baya ma shirin RANA, wanda UNICEF ta tsaya masa a jihohin Katsina da Zamfara, da Hausa ya koyar da karatu a ƙananan azuzuwan firamare da makarantun Islamiyya. Turanci yana nan zuwa, kuma a bar yaro ya riƙa jin sa a baki da waƙe-waƙen aji. Wanda ya riga ya san cewa harafi sauti yake ɗauka, dabarar ba ta ɓace masa in ya koma wani harshe. Abu ɗaya za a lura da shi: harafin c na "ciki" da "cokali" ba haka yake sauti a Turanci ba, sai a gaya wa yaro kai tsaye cewa kowane harshe da tasa ƙa'idar.

4. Kada a yar da ƙugiya

Haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, ba ado ba ne. Kafa daban, ƙafa daban. Baki daban, baƙi daban. Waya ta sa manya sun saba rubutu ba ƙugiya, yara kuma abin da suka gani shi suke kwaikwaya. A koya wa yaro b da d su zauna sosai tukuna, da tazarar kwanaki tsakaninsu don suna rikita yara, sannan a kawo ɓ na ɓera da ɗ na ɗaki. Tagwayen baƙaƙe irin su sh, ts, kw da gy a bar su zuwa ƙarshe. Masu 'yan uwa a tsallaken iyakar Kongolam za su ga littattafan Hausa na Nijar suna rubuta ƴ inda mu muke rubuta 'y. Sauti ɗaya ne.

5. Makarantar allo abokiyar tafiya ce

Yaron da ke zuwa wurin alaramma ya riga ya san abubuwa masu yawa: ya san tawada a kan allo magana ce, ya san ana bin layi da yatsa, ya san ana fara babbaƙu sannan a shiga farfaru. Tsarin baƙi da wasali ke nan, kuma ya kamata a nuna masa kamannin a fili. Inda ake samun tuntuɓe shi ne wajen alƙibla. Rubutun allo daga dama yake tafiya zuwa hagu, boko daga hagu zuwa dama. Saboda haka kada ran kowa ya ɓaci in yaro ya fara sunansa daga gefen dama, ko ya juya harafi baibai. A ɗiga masa ɗigo babba a kusurwar hagu ta takarda, a ce, "Boko daga nan yake tashi." Bayan 'yan makonni zai daina neman ɗigon.

6. Hannu yana son shiri

Yatsun ɗan shekara huɗu ba su yi ƙwarin cika shafi da rubutu ba. A baza yashi a faranti ko a share wani gefe na tsakar gida, ya zana da yatsa manya-manya. A ba shi gawayi da bayan tsohon kwali. Ya murza yumɓu ya lanƙwasa shi ya zama o ko c. Tsintar wake, ɓarar gyaɗa, da zura murafan kwalba a zare duk suna ƙarfafa yatsu ukun da ke riƙe alƙalami. In aka zo kan fensir, guntu ya fi dogo sauƙin riƙewa.

Bahagon yaro kuma a ƙyale shi ya yi rubutu da hagunsa. Ladabin cin abinci da karɓar abu da dama a koya masa, wannan daban. Amma buge masa hannu duk lokacin da ya ɗauki fensir, ƙin rubutun gaba ɗaya yake jawowa.

7. Kalmar farko ta zama sunansa

A rubuta shi a jakarsa, da kofinsa, da jikin bango kusa da shimfiɗarsa. Daga haruffan sunansa sai a tsallaka zuwa na Inna, da Baba, da ƙannensa.

8. Rubutu yana ko'ina a gari

Ba sai an sayi littafi mai tsada ba. Ga kwalin ashana, ga gwangwanin madara, ga buhun taki, ga allunan shaguna a hanyar kasuwa. A ce yaro ya nemo harafin da ya koya a wannan makon. Kuɗin aljihu ma darasi ne: tun sauyin fasalin kuɗi na 2007, takardun naira biyar, goma, ashirin da hamsin suna ɗauke da ƙimarsu da Hausar boko, su kuma na ɗari biyu, ɗari biyar da dubu da ajami aka rubuta tasu. A miƙa wa yaro naira goma ya nemo g da o da m da a. In ya ƙara wayo a nuna masa ta dubu, ya ga Hausarsa a cikin haruffan da ya sani a allo.

9. Uwar da ba ta yi boko ba tana da nata aikin

Ina jin mata suna cewa, "Ni me na sani da zan koya masa?" Shawara ta ɗaya da ta biyu duk a hannunki suke, kuma babu wanda ya fi ki lokaci da shi. Ki zaunar da shi ki ce, "Zo ka nuna mini abin da Malama ta koya muku yau." Yaro yana son ya zama malami, kuma garin koya miki yake maimaitawa. Yaya ko yayar da ke aji huɗu ko biyar a ɗora musu karanta wa ƙanensu shafi ɗaya kullum, su ma karatunsu zai gyaru. Kwata ɗaya na awa ya isa, bayan la'asar ko kafin barci, muddin ba a fashi. In yaro ya gaji a tashi. Bulala ba ta da gurbi a wannan zaman, haka nan kiran sa daƙiƙi ko gwada shi da ɗan maƙwabta.

Dogon hutu yana faɗowa ne cikin damina, lokacin da kowa ya koma gona, kuma a nan ne yara ke zubar da abin da suka koya. Ko a gindin bishiya a bakin gona akwai ƙasa, akwai tsinken da yaro zai zana haruffa da shi.

10. Ku leƙa makaranta, ku kuma duba lafiyarsa

Uba ko uwa su je ko da sau ɗaya a zango, ba sai ranar karɓar sakamako ba. A gaisa, a ce, "Malama, wane harafi kuke kai yanzu? Me za mu taya ki da shi a gida?" A duba littafin yaron: in shafuka sun cika da kwafe amma bai iya faɗin abin da ya kwafa ba, a gaya mata cikin mutunci. Kada a tura shi da ciki wayam, ko koko da ƙosai ne a ba shi. Yaron da kunnensa ke zubar da ruwa, ko sai an ɗaga murya yake waiwayowa, ko yake kai takarda har kan hancinsa, a kai shi asibiti a duba kunne da ido tun kafin a ce ba ya ganewa, sannan a roƙi Malama ta zaunar da shi a layin gaba.