Firam ɗin keken tsere: abin da hoton waya ba ya nunawa

Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, matasa da dama a Zariya sun koma lissafin kuɗin mota. Ɗalibin da ke zaune a Tudun Jukun yana karatu a Samaru zai yi tafiyar fiye da kilomita 10 a kowace safiya, ya bi ta PZ da Kwangila, da yamma kuma ya sake dawowa. Ba abin mamaki ba ne in ya fara leƙa Jiji da Facebook yana neman keke. Wanda ya fi ɗaukar ido a can kuwa shi ne keken tsere: siririyar taya, lanƙwasasshen kai, fenti mai walƙiya da sunan babban kamfani a jiki.

Matsalar ita ce hoto fenti kawai yake nunawa da kyau. Abubuwa biyu da za su yanke hukuncin ko mai keken zai ji daɗinsa ko zai jingine shi a zaure bayan wata ɗaya, wato awon firam da faɗin tayar da zai iya ɗauka, ba sa fitowa a hoto. Su ne kuma ba a iya canzawa bayan an biya kuɗi. Ana sauya sirdi, ana sauya feda, ana sake fenti. Firam kuwa yadda aka ƙera shi haka zai zauna.

Iri biyu masu kama da juna

Kekunan da ake kira na tsere sun kasu gida biyu, ko da yake a ido kusan ɗaya suke. Na farko an yi shi don gasa: gabansa gajere ne, kansa na ƙasa sosai, don mahayi ya sunkuya ya rage karo da iska. Specialized Tarmac, Trek Madone da Giant TCR duk wannan layin ne. Na biyu an yi shi don doguwar tafiya: gabansa ya fi tsayi, mahayi ba ya miƙewa da yawa, kuma tazarar tayoyinsa biyu ta ɗan fi, abin da ke sa keken ya natsu a hanya mai gargada. Misalansa su ne Specialized Roubaix, Trek Domane, Giant Defy da Cannondale Synapse.

Sunan Roubaix ma yana da labari. Daga gasar Paris-Roubaix ta Faransa aka samo shi, wadda aka fara a 1896, inda ake bin tsofaffin hanyoyin da aka shimfiɗa da duwatsu. Ma'ana, har ƙwararrun da ake biya don gudu sukan nemi keke mai taushi idan hanya ta yi muni. Wanda ya san lungunan bayan titin Gaskiya a watan Agusta, lokacin da ruwa ya zaizaye ƙasa ya bar ramuka, ya san wace hanya ce tasa ta fi kama da ita.

Sunkuyon ɗan gasa yana da amfani ne ga mai gudu sosai, wanda ya shekara yana horar da bayansa da wuyansa. Ɗalibin da ke goye da jakar littattafai da kwamfuta, yana ɗaga kai kullum don ganin A Daidaita Sahu da 'yan acaɓa a Kwangila, abin da zai samu shi ne ciwon wuya, ciwon ƙugu da sanyin yatsu saboda nauyin jikinsa ya koma kan tafin hannu.

Yadda za a gane da lambobi

Kowane babban kamfani yana wallafa jadawalin awon kekunansa, kuma ana samunsa da waya idan aka rubuta sunan keken da shekararsa. Lambobi biyu ne suka fi muhimmanci. Wadda aka rubuta stack ita ce tsayin gaban firam, daga tsakiyar inda feda ke juyawa zuwa saman bututun da ke riƙe da kai, idan aka auna a tsaye. Wadda aka rubuta reach ita ce tazarar wuraren nan biyu idan aka auna a kwance, wato yadda mahayi zai miƙa. Sai a raba ta farko da ta biyu. A ce tsayi milimita 560 ne, miƙa kuma 395, amsa ta zama 1.42: wannan firam ɗin gasa ne. In kuwa 600 ne da 385, amsa 1.56: wannan na doguwar tafiya ne. Masu harkar sukan ɗauki 1.5 a matsayin kan iyaka. Bambancin santimita 4 ba ya da yawa a takarda, amma wuya yana jinsa bayan minti arba'in.

Sai girman firam. Tsayin mutum kaɗai bai isa ba, don mutane biyu masu tsayi ɗaya kan bambanta a tsawon ƙafa. A tsaya babu takalmi a jingina da bango, a sa littafi mai kauri tsakanin cinyoyi a ɗaga shi sama kamar sirdi, a auna daga ƙasa zuwa saman littafin. A ninka da 0.65 zuwa 0.67 don samun girman firam a santimita. Mai ƙafa santimita 82 zai nemi firam 53 zuwa 55. Don tsayin sirdi kuma akwai lissafin da aka sani da sunan Greg LeMond, Ba'amurken da ya ci Tour de France sau 3: a ninka da 0.883, a auna daga tsakiyar inda feda ke juyawa zuwa saman sirdi. Mai ƙafa 82 zai samu kusan santimita 72. Waɗannan mafari ne kawai. Waya na iya ƙarasa aikin: aboki ya ɗauki bidiyo daga gefe ana tuƙi, a tsayar da shi daidai lokacin da feda ta kai ƙasa. Gwiwa ta ɗan lanƙwasa kaɗan, kada ta miƙe sambal, kada kuma ƙugu ya riƙa rangaji.

Idan mutum ya faɗa tsakanin girma biyu, ƙaramin ya fi saukin gyara. Babban da ya yi yawa ba shi da magani, kuma shi ne dillali ya fi cewa "za ka saba da shi".

Taya ta fi ƙarfen firam tasiri

Ana yawan musu a kan wanne ya fi taushi tsakanin ƙarfe, alminiyam da kabon. Gaskiyar magana, taya da iskar da ke cikinta sun fi su duka shanye girgiza. Tsofaffin kekunan gasa da ke shigowa na hannu daga Turai yawanci suna zuwa da taya mai faɗin milimita 23, wasunsu ba sa karɓar fiye da 25. Irin wannan taya dole a cika ta da iska ta yi tauri, in ba haka ba da ta daki bakin rami sai rim ya ciji tiyub ya huda shi wuri biyu. Taya mai 28 ko 32 tana ɗaukar iska mai sauƙi, ta fi riƙe ƙasa a yashi, kuma a hanya mai gargada ba ta rage gudu. Su kansu 'yan gasa yanzu sun koma 28 zuwa sama, musamman tun da hukumar keke ta duniya, UCI, ta amince da birkin faifai a 2018, wanda ya ba tayoyi sarari.

Don haka kafin ciniki a nemi mai sayarwa ya turo hoton tsakanin taya da fok, da kuma na baya kusa da feda. A bar aƙalla milimita 4 kowane gefe. Jar lakar damina tana manne wa taya, in babu sarari sai ta riƙa goge firam har ta ci shi. A duba kuma ko akwai ramukan ɗaura madigadi da kariya. Firam ɗin gasa yawanci ba ya da su, amma mai zuwa lacca da farin yadi zai so su.

A nan ne ya kamata a tuna da gyara. Tsofaffin Raleigh da Phoenix da har yanzu ke ɗaukar buhun masara zuwa kasuwar Tudun Wada na ƙarfe ne, kuma in sun tsage mai walda zai ɗinke su. Alminiyam ba haka yake ba: yana buƙatar walda ta musamman, yawancinsa kuma sai an sake gasa shi bayan waldar kafin ƙarfinsa ya dawo. Kabon ya fi su haɗari a kasuwar na hannu, don yana iya tsagewa a ciki fenti na nan lafiya lau, ya kuma karye ba tare da gargaɗi ba. Ƙwanƙwasa shi da kwabo na iya tona wani wurin idan sautin ya mutu, amma ba tabbas ba ne. Ribar da ake samu a nauyi tsakanin firam ɗin kabon da na alminiyam mai kyau sau da yawa ba ta wuce rabin kilo ba, nauyin leda ɗaya ta fiya wata.

Sunan da ke jikin firam ma ba shaida ba ne, don sitika ba ta da tsada. A kifa keken a nemi lambar da aka buga a ƙarƙashin inda feda ke juyawa, a kwatanta siffar firam ɗin da hoton kamfani. Sabon fenti a kan tsohon keke dalili ne na ƙara dubawa, musamman kusa da wuraren walda da bayan bututun gaba, inda karo ke barin kumburi.

Wanda ya riga ya sayi firam ɗin gasa yana da 'yan dabaru. Sandar da ke haɗa kai da fok ana iya juya ta sama, ko a sa gajeriya da santimita 1 ko 2. Zobban da ke samanta a mayar da su ƙasa don kai ya ɗaga. A sa taya mafi faɗi da firam ɗin zai karɓa, a naɗa wa kai tef biyu. Sannan a sayi ɗan ƙaramin mahaɗin bawul a ajiye a aljihu, domin siririn bawul ɗin kekunan tsere, wanda ake kira Presta, ba ya shiga bakin famfon yawancin masu faci na bakin titi.