Gyara Iri-Iri Ne: Darasi A Kan Wasu Kalmomin Turanci

Kowace shekara idan muka zauna duba takardun jarrabawar gwaji ta 'yan ajin ƙarshe, akwai wani kuskure da ba ya ɓacewa. Ɗalibi yana da magana mai ma'ana a ransa, amma sai ya ɗauko kalmar Turanci da ba ita ba, maki ya zube. Mun taɓa samun wanda ya rubuta, "My uncle adapted an orphan." Nufinsa shi ne kawunsa ya ɗauki maraya riƙo, amma abin da ya rubuta ya nuna kawun ya gyaggyara yaron kamar tsohuwar riga. Mun yi dariya a ɗakin malamai, amma mai duba takardun WAEC ba dariya zai yi ba, jan biro zai sa.

Ga tushen matsalar. A Hausa kalmar gyara tana ɗaukar kaya da yawa: mu gyara keke, mu gyara riga, mu gyara doka, mu gyara hali, har zama ma gyara shi muke yi. Turanci kuwa ya raba wannan aiki ga kalmomi dabam-dabam. Saboda haka kafin mu zaɓi kalma, sai mu yi wa kanmu tambaya biyu: mene ne ake canzawa, kuma yaya girman canjin?

Bari mu fara da change, wadda ita ce uwarsu duka, domin tana shiga kusan ko'ina. A watan Afrilu na 1972 Nijeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu ta koma hannun dama: "Nigeria changed to driving on the right." Idan kuwa an kawar da abu gaba ɗaya an sa wani a gurbinsa, replace ce ta dace. Ranar 1 ga Janairu 1973 naira ta maye gurbin fam: "The naira replaced the pound." Ita kuma exchange musaya ce tsakanin mutum biyu, ba ni gishiri in ba ka manda.

Sai kalmomin ƙaramin canji, inda abin yake nan yadda yake, an ɗan taɓa shi kawai. Idan rigar makaranta ta yi yawa aka kai wa tela ya rage, ya yi alter. Idan muka ce masa change, yana iya ɗauka wata rigar muke so. Mu lura da harafi ɗaya a nan, gama alter gyara ce, altar kuwa bagade ne na cikin majami'a. Adjust ita ce daidaitawa, kamar saita agogo ko ɗaga sirdin keke. Amend ta rubutu ce da doka. Idan sakatare ya karanta rahoton taron majalisar ikkilisiya aka ga kuskure, za a yi amend ɗinsa kafin a sa hannu. Amurka ta rubuta tsarin mulkinta a 1787, ta yi masa irin wannan gyara sau 27, goman farko a 1791, ba ta kuwa jefar da shi ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, wannan shi ne bambancin amend da replace.

Yanzu mu koma ga kawun nan da marayansa. Adapt ita ce a daidaita abu, ko mutum ya daidaita kansa, da sabon yanayi. Sabon ɗalibin da ya zo makarantar kwana dole ya saba da ƙararrawar asuba da tuwon makaranta: "He must adapt to school life." Adopt kuwa ɗauka ce, a karɓi yaro ko shawara ko wata hanya ta zama ta mutum. Revise tana da fuska biyu. Ta farko, a sake duba littafi a gyara shi. An buga Littafi Mai Tsarki na Turanci da ake kira King James a 1611, sa'an nan a 1952 aka fitar da Revised Standard Version, wadda ta fito daga zuriyarsa. Ta biyu ita ce bitar karatu kafin jarrabawa, wadda wasunmu ba sa tunawa da ita sai ana gobe.

A ƙarshe akwai kalmomin babban canji. Reform gyaran tsari ne ko hali da ya karkace, kamar aikin da Martin Luther ya soma a Jamus a 1517, wanda aka sani da Reformation. Transform ita ce sāke kama ɗungum, yadda tsutsa takan zama malam-buɗe-littafi. Convert ita ce juya abu zuwa wani amfani ko wani ma'auni, kamar mayar da mil kilomita a darasin lissafi. Ana faɗinta kuma ga mutumin da ya tuba ya juyo, kamar Shawulu a hanyar Dimashƙu cikin Ayyukan Manzanni sura 9.

Kada mu manta da ƙananan kalmomin da suke raka su, domin nan ma maki yana zuba. Ana cewa adapt to, replace with, exchange for, transform into.

Ga aikin hutu. Kowa ya samu ƙamus, ya rubuta jimla ɗaya da kowace kalma daga abin da ya gani a gida ko a kasuwa, ya kawo wa malaminsa makon farko. Ku 'yan ajin ƙarshe da za ku bar mu, wata rana za ku rubuta takardar neman aiki ba malami a kusa. Muna addu'a abin da kuka koya a nan ya tsaya muku a ranar. Ubangiji ya ba mu fahimi. Amin.