Tsani Mai Zugewa da Dandamalin Ɗaga Ma'aikata: Kimiyyar da ke Hana Faɗowa

Gabatarwa

Tsani tsohon abokin aikin ɗan'adam ne. Manomi yana da nasa a gindin rumbu, na itace mai gwafa da aka sassaƙa wa matakai, magini kuma yana da na katako. A yau an sami ƙarin masu hawa sama: ma'aikacin lantarki, da mai fenti, da mai ɗora faifan sola a kan rufin kwano, da 'yan kwana-kwana. Mafi yawansu suna amfani da tsani mai zugewa, wato wanda ake ƙara wa tsawo, ko kuma dandamalin da inji ke ɗagawa.

Ga tambayar da ya kamata ɗalibin kimiyya ya yi wa kansa. Me ya sa tsanin da ya ɗauki mutum lafiya lau a matakan ƙasa yakan zame da shi idan ya kusa kaiwa ƙarshe, alhali nauyinsa bai ƙaru ko kaɗan ba? Amsar tana nuna cewa kaurin ƙarfe kaɗai ba ya tsare rai. Wurin da nauyi ya faɗa shi ne babban abin lura, kuma a kansa injiniyoyi suka gina ƙirar waɗannan kayan aiki.

Sassan tsani mai zugewa

Tsani mai zugewa tsani biyu ne ko uku da aka ɗora a kan juna. Na ƙasa shi ne uwa, na sama kuma yana zamewa a jikinsa ta cikin wasu maɗaukai na ƙarfe. Ana jan na saman da igiya wadda ke bi ta kan ɗan wili mai kwari, irin wanda ake ratayawa a bakin rijiya. Idan ya kai tsawon da ake so, sai ƙugiyoyi biyu masu sifirin su kama matakin uwar, ta yadda nauyin mai hawa zai ƙara danne su. Masu kashe gobara ne suka fi bunƙasa wannan ƙira. A 1872 Conrad Dietrich Magirus na birnin Ulm a Jamus ya ƙera tsani mai zugewa a kan ƙafafu biyu, wanda ke kai mita 14 ba tare da an jingina shi da bango ba.

Ba a yarda a zuge tsani har ƙarshensa ba. Dole sassan biyu su haɗu a kan wani tsawo. Wata tsohuwar ƙa'idar Amurka ta ce tsanin da bai wuce mita 11 ba, haɗin ya kai kusan santimita 90, wanda ya kai kusan mita 14 da rabi kuma a ba shi mita 1.2. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa riƙe doguwar gora a kwance. Idan hannayensa biyu suna kusa da juna, riƙon yana gajiyarwa. Idan ya ware su, sai ya ji sauƙi. Maɗaukan sama da na ƙasa su ne hannayen tsani. Idan aka rage haɗin da rabi, ƙarfin da ke kan kowannensu yana ninkawa biyu.

Siffa da abin ƙira

Tsanin da aka jingina yana lanƙwasawa kamar gada. Ɗalibi zai iya ganin sirrin ƙirarsa da rula ta roba. Idan ya kwantar da ita a kan littattafai biyu ya danna tsakiya, za ta lanƙwashe nan take. Idan ya tsayar da ita a kan gefenta, da ƙyar za ta motsa, alhali rular ɗaya ce. Lissafi ya nuna cewa idan aka ninka zurfin sanda sau 2, taurinta yana ninkawa sau 8. Haka kuma idan aka ninka tsawonta sau 2, lanƙwasar da nauyi ɗaya ke jawowa a tsakiya tana ƙaruwa sau 8. Wannan ne ya sa sandunan gefen dogon tsani suke da zurfi, kuma ake yin su da rami a ciki ko da siffar harafin I, domin a tara ƙarfe a fuskoki biyu inda ja da matsi suka fi yawa.

Zaɓen abin ƙira ciniki ne, kowane yana da riba da hasara. Santimita ɗaya murabba'in kwali na alminiyam yana da nauyin giram 2.7, na baƙin ƙarfe kuwa kusan giram 7.8, wato kusan ninki uku. Amma taurin alminiyam shi ma kusan sulusin na ƙarfe ne, don haka ake cike giɓin da siffa mai zurfi. Babban aibinsa shi ne yana ɗaukar wutar lantarki. A Nijeriya wayoyin da ke bi ta cikin unguwanni sun haɗa da masu ƙarfin bolt 11,000 da 33,000, kuma irin wannan wuta tana iya tsallaka iska ko da ba a taɓa wayar ba. Shi ya sa ake ƙera wa masu aikin lantarki tsani da zaren gilashi da aka daskarar da gam. Shi ma sai yana bushe kuma da tsabta, domin jiƙa da dauɗa suna ba wuta hanya.

Ƙa'idar Turai mai lamba EN 131 ta sa tazarar matakai tsakanin santimita 25 da 30, ta kuma ƙayyade kaya a kilogiram 150. Wannan adadi ya haɗa da mutum da tufafinsa da duk abin da ya ɗauko.

Ƙa'idar ɗaya bisa huɗu

Abubuwa uku ne ke aiki a kan tsanin da aka jingina. Nauyi yana jan sa ƙasa. Bango yana tura kansa waje. Gogayyar da ke tsakanin ƙafafunsa da ƙasa kuma ita ce ke hana gindin zamewa. Muddin tsani yana tsaye, turin bango da riƙon gogayya daidai suke.

Ana gano turin bango ta hanyar ƙarfin juyi, wato ƙarfi sau nisansa daga wurin juyawa. Makaniken da ke sa wa sifana bututu don ya kwance noti mai tauri da wannan yake amfani. Alal misali, a ɗauki tsani mai nauyin kilogiram 20 da ya taɓa bango a tsayin mita 6, gindinsa kuma yana mita 1.5 daga bango. Ma'aikaci da kayansa kilogiram 80 ne. Idan aka ɗauki kowane kilogiram a matsayin niyuton 10, tsani niyuton 200 ne, mutum kuma 800. A sauƙaƙe lissafi da cewa bangon sumul yake.

Nauyin tsani yana faɗawa a tsakiyarsa, mita 0.75 daga gindi: 200 × 0.75 = 150. Idan mutum ya hau rubu'in tsawon, yana mita 0.375 daga gindi: 800 × 0.375 = 300. Jimilla 450, a raba da tsayi 6, sai a sami niyuton 75. Idan ya hau kashi uku cikin huɗu, yana mita 1.125 daga gindi: 800 × 1.125 = 900. Jimilla 1,050, a raba da 6, an sami niyuton 175. Ga amsar tambayar farko ke nan. Nauyin da ke danne gindi bai canja ba, niyuton 1,000 ne, amma ƙarfin da ke neman zamar da shi ya ninka fiye da sau biyu.

Yanzu a ja gindin zuwa mita 3, a ƙara zuge tsanin ya kai wurin da yake. Lissafin zai ba da niyuton 350. A karon farko ana bukatar gogayya ta riƙe 0.175 na nauyin duka, yanzu kuwa 0.35. Takalmin roba a kan busasshen siminti yakan ba da fiye da 0.5, amma a kan tayil mai jiƙa, ko inda mai ya zube, ko yashi ya bazu, adadin yana faɗuwa ƙwarai. Idan kuma aka miƙar da tsani ya yi kusa da bango ainun, ɗan karkata baya kaɗan zai kifar da shi. Tsakanin waɗannan haɗura biyu aka fitar da ƙa'ida: a kowace mita 4 ta tsayi, gindi ya nisanci bango da mita 1. Wannan yana ba da kusurwa ta kusan digiri 75. Inda babu magwaji, sai mutum ya sa yatsun ƙafarsa a gindin tsani ya miƙa hannayensa gaba. Idan tafinsa ya sauka a kan matakin da ke daidai kafaɗarsa, kusurwar ta yi kusa da daidai.

Akwai kuma faɗuwa ta gefe. Cibiyar nauyin mutum tana kusa da cibiyarsa ta ciki, don haka kada cibiya ta fita daga tsakanin sandunan gefe. A riƙe tsani da gaɓoɓi uku a kowane lokaci, a ɗaure kansa, kuma idan rufi za a hau, ya zarce bakin rufin da kusan mita 1 domin a sami abin kamawa.

Dandamalin da inji ke ɗagawa

Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya tana ba da shawarar a nemi wata hanya idan aikin kan tsani zai wuce minti 30. A nan dandamali ke shigowa, mai shingen da ya kai mita 1.1. Iri biyu suka fi yawa: mai almakashi, wanda ke tashi sak, da mai dogon hannu, wanda ke tsallake shinge ko rufi. Daga cikin kamfanonin da suka yaɗa na biyun akwai JLG, wanda John L. Grove ya kafa a Amurka a 1969.

Mafi yawansu da matsin mai suke aiki, bisa dokar Blaise Pascal, masanin Faransa da ya rasu a 1662. Dokar ta ce matsin da aka yi wa ruwa a rufaffen mazubi yana isa ko'ina daidai wa daida. Idan ƙaramin fistin yana da faɗin santimita murabba'i 2, babba kuma 50, turin niyuton 200 zai zama 5,000. Sai dai babban fistin zai yi tafiyar kashi ɗaya cikin 25 kawai na tafiyar ƙaramin. Joseph Bramah ya yi rajistar injin matsi a kan wannan doka a Ingila a 1795, kuma jak ɗin ɗaga mota na mai jikansa ne.

Ƙirar almakashi tana da wata matsala ta daban. A ɗauki hawa uku na sanduna masu tsawon mita 2. Idan sandunan suna kwance a digiri 10, tsayin kusan mita 1 ne. A digiri 60 kuwa ya kai mita 5.2. Idan silinda tana tura ƙafafun almakashin a kwance, ɗaga niyuton 3,000 yana bukatar kusan niyuton 51,000 a digiri 10, amma kusan 5,200 kacal a digiri 60. Wato farkon tashi ya fi wuya kusan sau goma. Don haka ake girke silinda a karkace tsakanin sanduna, kuma ake auna girmanta da bukatar farkon tashi. A jikin silinda ana sa bawul da ke kulle mai idan tiyo ya fashe, sannan akwai wani a ƙasa na sauko da mutane idan inji ya mutu.

Haɗarin kifewa

A nan ma batun inda nauyi ya faɗa ne. Inji yana tsaye muddin layin da ya sauko daga cibiyar nauyinsa yana cikin filin da tayoyi suka kewaye. A ɗauki inji mai faɗin mita 1.2 da aka ɗaga mita 10. Idan tayoyin gefe guda suka faɗa rami mai zurfin santimita 10, dandamalin da ke sama zai karkata da kusan santimita 83, alhali daga tsakiya zuwa taya santimita 60 ne. Ramin da mai tafiya zai tsallake bai lura ba ya isa ya fitar da ma'aikata da kayansu waje da gindi. Iska ma haka: turin niyuton 200 a tsayin mita 10 yana da ƙarfin juyi sau biyar na wanda yake da shi a mita 2.

Saboda haka ake tara batura da tankin mai da ƙarin ƙarfe a ƙasa, a sa ƙafafun tokare masu faifai, da na'urar da ke kuka ta hana tashi idan ƙasa ta karkata. Injinan da aka ƙera don aikin waje galibi an ƙayyade musu iska mai gudun mita 12.5 a daƙiƙa, wato kilomita 45 a awa. Iskar da ke zuwa gaban hadarin damina tana iya wuce haka, kuma allo ko faifan sola da aka ɗora a sama yana ƙara mata wurin kamawa.

Aikin aji

Malami zai iya jingina rula ta katako da bango a kan tebur mai santsi, a rataya mata kwaɗo da zare. Ɗalibai su riƙa matsar da kwaɗon sama, su rubuta inda rular ta zame, sannan su sake gwajin da gindin a nesa dabam-dabam, da kuma a kan ƙyalle.

Tambayoyi

1. Tsani zai taɓa bango a tsayin mita 8. Nawa ne nisan da ya dace tsakanin gindinsa da bango?
2. A misalin tsani mai gindi a mita 1.5, nawa ne turin bango idan mutumin ya kai ƙarshen tsanin?
3. Me ya sa ake sa baturan dandamali a ƙasa?

Kammalawa

Injiniya yana iya zaɓen siffa da ƙarfe, ya sa ƙugiya da bawul da ƙararrawa. Amma kusurwar da aka jingina tsani, da ƙasar da aka girke inji, da yawan kayan da aka ɗora, duk a hannun ma'aikaci suke. Ɗalibin da ya fahimci wannan lissafi yana iya duba tsanin da aka jingina a makarantarsu ko a gidansu, ya auna tsayi da nisan gindi, ya gaya wa mai shirin hawa ko sun yi daidai kafin ya taka matakin farko.