Nazarin Fim na Gwaji: Dangantakar Zubi da Jigo a Fim Ɗin Tarnation

7.1 Gabatarwa

A darussan da suka gabata an nuna wa ɗalibi hanyar nazarin wasan kwaikwayo da fim ta fuskar jigo da zubi da tsari da salo da kuma taurari. Wannan hanya tana tafiya salin-alin matuƙar labari ya miƙe, wato yana da mafari da tsakiya da ƙarshe, kamar yadda aka saba gani a akasarin finafinan Hausa. Sai dai akwai nau'in fim da ke ƙin bin wannan turba da gangan. Shi ake kira fim na gwaji, domin mai shi yana jarraba wasu dabarun isar da saƙo da ba a saba da su ba. Galibi irinsa mai zaman kansa ne, ma'ana babu wani babban kamfani da ya zuba masa jari, balle ya tsara masa abin da zai nuna. A wannan darasi za a ɗauki fim guda, Tarnation, na Ba'amurken nan Jonathan Caouette, domin a ga yadda manazarci zai tunkari aikin da a kallon farko yake kama da tarkace.

7.2 Asalin Fim Ɗin

An haifi Caouette a birnin Houston na jihar Tekzas a 1972. Tun yana ɗan shekara 11 ya fara ɗaukar hoton kansa da na mutanen gidansu, ya kuma ci gaba da yin haka kusan shekara 20. Daga tarin kasa-kasan bidiyo da hotunan kati da saƙonnin muryar da aka bari a na'urar tarho ya harhaɗa fim ɗin a kwamfutar Apple, da manhajar iMovie. Abin da aka bayyana ya kashe a wannan mataki shi ne dala 218 da 'yan kai, ko da yake biyan haƙƙin waƙoƙi da guntayen finafinan wasu da ya cusa a ciki ya ci dubban ɗaruruwan daloli daga baya. An fara nuna shi a birnin Niyok a 2003, sannan a bikin finafinai na Sundance da na Cannes a Faransa a 2004. Ita kalmar da aka sa wa fim ɗin, a bakin Amurkawa, tsinuwa ce da aka sassauta lafazinta.

Labarin da ke ƙarƙashin tarkacen ga shi. Mahaifiyarsa, Renee, yarinya ce kyakkyawa da ake tallar kaya da hotonta. Tana da shekara 12 ta faɗo daga rufin gida, ƙafafunta suka daina aiki na wasu watanni. Aka shawarci iyayenta, Adolph da Rosemary, cewa matsalar a kanta take, suka amince a riƙa jijjiga mata ƙwaƙwalwa da wutar lantarki sau biyu a mako har tsawon shekara biyu. Daga nan rayuwarta ta koma shiga da fita asibitocin masu taɓin hankali. Aurenta ya mutu da wuri. Ɗanta ya zauna a hannun masu riƙo, inda aka gallaza masa, kafin kakanninsa su karɓe shi. A 2002, yana zaune a Niyok, ya sami labarin cewa ta sha maganin litiyom fiye da ƙima. A nan fim ɗin ya buɗe, sannan ya yi kome-baya.

7.3 Zubi a Matsayin Jigo

Kuskuren da ɗalibi ya fi saurin faɗawa shi ne ya tsamo wannan labari, ya ce jigo shi ne taɓin hankali da wargajewar iyali, sannan a ƙarƙashin zubi da tsari ya rubuta cewa fim ɗin ba shi da tsari. Wanda ya yi haka ya ɗauki ɓawo ya yar da ƙwaya. Hoto a wannan fim yakan rabu gida biyu ko huɗu ko fiye, fuska ɗaya ta yi ta maimaita kanta, launi ya rine, hotuna su riƙa wucewa da saurin da ido ba ya iya riƙe su, kiɗa ya danne magana. Tambayar da ta kamaci manazarci ita ce: idon wa ke ganin duniya a haka?

Amsar tana cikin fim ɗin. An bayyana cewa Caouette, yana ɗan shekara 12, ya sha tabar wiwi da aka gauraya da wani mugun sinadari, kuma bayan haka likitoci suka ce yana da lalurar da ke sa mutum ya ji kamar ya fita daga jikinsa yana kallon kansa daga gefe, tamkar a mafarki. Idan aka riƙe wannan, sai dabarar da ta fi kowace ban mamaki a fim ɗin ta fito fili. Babu muryar mai ba da labari. Rubutu ne ke fitowa a kan allo, yana farawa kamar buɗewar tatsuniya, kuma duk da cewa Caouette ne ya rubuta shi game da kansa, bai ce "ni" ba. Sunansa yake ambata kamar na wani baƙo. A nazarin zube an san mawallafin da ke cikin fage da wanda ke bayan fage. A nan mutum ɗaya ne ya tsaya a wuraren biyu a lokaci guda, kuma wannan tsayuwa ita ce ciwon nasa. Ke nan ba a ba mai kallo bayanin cutar kawai ba, an sa shi ya ɗanɗana ta.

Haka nan fitowar da aka fi ambata, inda yaro ɗan shekara 11 ya ɗaura ƙyalle a ka, ya fuskanci kyamara, ya kwaikwayi matar aure da miji ke jibga, jikinsa na ɓari, muryarsa na rawa. A zahiri wasa ne. Amma yaron da ya iya wannan wasa a wannan shekaru ya ga abin da bai kamata ya gani ba, kuma da yake ba shi da bakin faɗar nasa, sai ya ari bakin wata ya ci albasa.

7.4 Inda Gudun Ya Tsaya

Fim mai gudu, wurin da ya tsaya shi ne wurin lura. Bayan litiyom ya taɓa ƙwaƙwalwar Renee, akwai fitowa mai tsawon mintoci da ba a yanka ba, inda take riƙe da kabewa tana waƙa, tana rawa, tana ƙyalƙyala dariyar da ba ta da dalili. Babu rina launi, babu raba allo. Mai kallon da ya saba ganin mahaukaci a wasan kwaikwayo a matsayin abin ban dariya zai iya fara murmushi, amma tsawon fitowar yakan kashe murmushin, ya bar mutum da jin nauyi. A nan ra'ayin masu tarke ya rabu. Wasu na ganin ɗa ya tona asirin uwarsa a halin da ba ta da cikakken hankalin da za ta yarda ko ta ƙi. Wasu na ganin ƙin kawar da kai shi ne ƙaunar, domin ɓoye irin waɗannan majinyata a ƙuryar ɗaki shi ya daɗe yana cutar da su. Hujja ta biyu tana da ƙarfi, ganin cewa a ƙarshe ya ɗauko ta ya kai ta gidansa a Niyok yana jinyarta. Amma ba ta share ta farko ba, kuma ɗalibin da ya ambaci ɗaya ya bar ɗaya bai cika nazari ba.

7.5 Matsalar Shaida

Saura batun gaskiya. Renee ta zargi iyayenta da azabtar da ita tana ƙarama. Caouette ya tsare kakansa, tsoho tukuf, da kyamara yana tambayarsa, tsohon ya musanta. Fim ɗin bai raba gardama ba, kuma bai kamata manazarci ya raba masa ba: mai zargin hankalinta ya taɓu, wanda ake zargin yana da abin karewa, mai ɗaukar hoton kuwa jininsu ne duka. Ko wurin da Caouette ya keɓe yana kuka, yana faɗin tsoronsa na kada ya zama kamar uwarsa, sai a tuna cewa shi ya kafa kyamarar kafin hawayen su zubo. Wannan bai mai da kukan na ƙarya ba, amma ya mai da shi abin da aka zaɓa a nuna.

Ta wannan fuska kuma ya wajaba a yi hattara da mai da fim littafin likitanci. Da'awar cewa tun farko babu abin da ke damun hankalin Renee, magani ne ya jawo mata ciwo, matsayin fim ɗin ne, kuma da sunansa za a kawo ta. Jijjiga ƙwaƙwalwa da lantarki a yau ana yin sa ne bayan an sa majinyaci barci, kuma yana taimakon wasu masu matsananciyar damuwa. Litiyom ma magani ne tabbatacce, illarsa ita ce tazarar da ke tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke zama guba ƙanƙanuwa ce.

Jinga

Ɗalibi ya kwatanta fitowar yaro mai ƙyalle da fitowar kabewa, ya bayyana wanda ke da iko da kyamara a kowacce, da abin da hakan ya sauya a ma'anarta.